Ƙwaya Ashirin a Ɗinkin Matashin Baba Tela

Shafi na 14

Akwai laifin da ba ya ƙara, ba ya barin jini a ƙasa, mai yinsa ma da farin kaya yake yawo: mutum ya sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba. Shi ne laifin da za a biya bashinsa a wannan shafi. Ku da kuka cika waya da saƙo kuna cewa a kori Hawainiya, ku ɗan dakata, kun yanke wa yarinya hukunci ba ku ji ƙarshen zance ba.

Shekaranjiya ne Baba Tela, tsohon da ke gado na bakwai a ɗakin maza, ya yanke jiki ya faɗi a hanyar banɗaki, awa biyu bayan ya sha maganin hawan jininsa. Awon jininsa ya sauka warwas, kansa ya bugu da gefen ƙofa. Yanzu yana ɗakin kulawa ta musamman, bai san wanda ke kansa ba. Wadda ta ba shi maganin ranar ita ce ƙaramar nas ɗin da ake kira Hawainiya, saboda nawarta. An dakatar da ita, an ce yau da ƙarfe sha biyu za a zauna a kanta.

Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Agogo, ba ta nan ranar. Hutunta na farko ke nan cikin kwana goma sha biyu, shi ma Matiron, shugabar nas-nas ta asibitin, ce ta tilasta mata. Agogo ba ta son hutu. Me za ta je ta yi a gida? Miji ya rasu shekara tara, ɗanta ɗaya yana can wani gari, sai ya ga dama yake kira. Ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, rediyon da take kunnawa don kawai a ji murya. Gara mata asibiti.

Yau ma ta gama rabon maganin safe cikin minti ashirin da biyar, gado ashirin da huɗu. Abin da ya ja mata sunan ke nan, shi ne kuma abin taƙamarta shekara ashirin da shida. Za ta tura keken magani, ta zuba ƙwaya a ɗan kofi, ta dire a kan akwatin gefen gado, ta ce, “Ga naka,” ta sa hannu a kati, ta wuce. Ba ta taɓa ba wani maganin wani ba, ba ta taɓa kuskuren awo ba, wannan kam a ba ta. Tsayawa ne kawai ba ta yi.

Hawainiya kuwa sai ta tambayi majinyaci sunansa ko da jiya ta gan shi, ta duba sunan da ke ɗaure a hannunsa, ta duba kati, ta juya kwalin ta karanta ranar lalacewarsa, ta tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Sannan ta tsaya da kofin ruwa har sai ta ga maƙogwaro ya motsa, kafin biro ya taɓa takarda. Agogo takan ce da ita, in dai haka za a yi, maganin safe sai ya riski na yamma a hanya. Yarinyar ta yi dariya ta ce, “To Mama, zan ƙara sauri.” Ba ta ƙara ba.

Ita kaɗai ke kiranta Mama. Sauran duk Sista suke cewa, su ma daga nesa.

Da Agogo ta iso gado na bakwai, katifa ce tsirara, an kwashe zanin. Ta kau da kai ta tura kekenta.

Wajen ƙarfe goma tana ɗakin nas-nas ita kaɗai, tana cike takardu, aka ƙwanƙwasa. 'Yar Baba Tela ce, mace mai sanyin magana, wadda ke jinyarsa tun ranar da aka kwantar da shi. Idanunta sun kumbura. Ta rungumo wani ƙaramin matashin kai mai shuɗiyar riga, wanda tsohon ya zo da shi daga gida.

Ta gaishe ta, ta ce ta zo kwashe kayansa ne, sai ta ji wani abu a gefen matashin, kamar tsakuwa. Ta ce ta san ɗinkin mahaifinta ko cikin dubu, kuma wannan sabo ne, zaren ma ba irin na matashin ba ne. Baba ba ya rabo da allura da zare, ko a aljihun rigar asibiti.

“Na ce bari in kawo miki, Sista. Ke ce babba.”

Ta miƙa almakashi. Agogo ta farke ɗinkin a kan tebur.

Ƙwayoyi suka gangaro. Farare ƙanana, da wasu masu ruwan ƙwai. Ɗaya ta mirgina har bakin tebur, matar ta tare ta da tafin hannu.

Agogo ba ta buƙaci kwali ba. Ta san su kamar yadda ta san yatsunta. Ta jera su da bakin biro tana ƙirgawa a zuci. Ashirin.

“Maganinsa ne?”

“Maganinsa ne.”

“To me ya kawo shi nan?”

Agogo ta ce tsofaffi sukan yi haka, ba wani abu ba ne. Muryarta ba ta yi rawa ba, aikin shekara ashirin da shida ya koya mata wannan. Ta zuba su a farin hankicinta, ta ƙulle, ta ce za ta kai inda ya dace.

Matar ta yi godiya har da rusunawa. A bakin ƙofa ta juyo.

“Zai taimaki likitoci su san abin da ya same shi?”

“Ki je wajen mahaifinki. Ki bar mini wannan.”

Da ƙofa ta rufe, Agogo ta zauna.

Lissafin ba shi da wuya. An kawo tsohon da ɗan shanyewar ɓarin jiki, likita ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum da safe. Kwana huɗu jini bai sauka ba, kati kuwa ya nuna yana sha, sai likita ya mayar da ita biyu. Kwana huɗu kuma shiru, ya ƙara ta uku, wata iri dabam. Likita ba boka ba ne, kati yake karantawa. Kati kuma ya ce an sha, an sha, an sha, sau goma sha ɗaya, da sa hannun Agogo, mai kyau kamar an buga da inji.

Ashe tun bayan ranar farko ko ɗaya ba ta wuce maƙogwaronsa ba.

Sai ranar hutunta Hawainiya ta tsaya a kansa, ta ga ya kasa haɗiya. Ta je ɗakin magani ta tambaya ko irin waɗannan ana iya niƙa su, aka ce ana iyawa. Ta niƙa, ta haɗa da abinci mai laushi a cokali, ta zauna har ya shanye. Jikin da ya kwana goma bai ga ko ɗaya ba, ya karɓi uku a tashi guda.

Yarinyar ba ta yi kuskure ba. Abin da aka rubuta ta bayar. Ita kaɗai ce ma ta bayar.

Abin da ya fi ci wa Agogo rai shi ne ta tuna. A rana ta biyu, tana dire kofin, tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ce da harshensa da ya yi nauyi, “'Yata, abin nan yana tsaya mini a nan.” Ya nuna wuya.

Ita kuwa idonta na kan gado na takwas. Ta ce, “Kowa ma haka yake sha, Baba. Ga ruwa nan.”

Bai sake magana ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin mutane na tsayawa a gabansa yana auna su, ba zai roƙi a tsaya masa sau biyu ba. Zubarwa kuma ba halin tela ba ne, ko ƙyalle ba ya yarwa. Sai ya adana.

Ta dubi hankicin. Ta dubi kwandon da ake zuba lalataccen magani, yana nan kusa da ƙafarta, murfinsa a rufe. Babu kowa a ɗakin. Dama ba a cika samun kowa a inda take ba.

Ba ta jefa ba. Ba ta kuma tashi ta nufi ofishin Matiron ba. Ta sa shi a aljihun dama, tare da makullin kabad ɗin magani, ta ce wa ranta za ta ga yadda zaman zai kaya. Wataƙila gargaɗi kawai za a yi wa yarinya. Yarinya ce, tana da sauran shekaru. Haka mai laifi ke yi, sai ya ɗauko shekarun wani ya biya da su.

Sha biyu saura kwata ta fito. A kan bencin da ke gaban ofis ta tarar da Hawainiya cikin kayan gida, ta yi zuru-zuru, da filas a cinyarta da kofi biyu. Kullum haka take zuwa da su, tun ranar da ta lura Agogo na shan shayinta ita kaɗai tana kallon bango.

“Mama, kin karya kuwa?”

Agogo ta ce ta karya.

“Ba ki karya ba, na san fuskarki.” Ta zuba ta miƙo. “Ni na kasa. Kwana biyu ina juya abin nan. Na duba katin sau uku kafin in ba shi. Ko hannuna ne ba shi da sa'a?”

“Ki faɗi abin da kika yi kawai.”

“Za ki yi mini magana a ciki? Ke za su ji taki.”

Agogo ta karɓi kofin don kada hannunta ya zauna banza. Shayin ya yi zaƙi yadda take so. Ta kurɓa sau ɗaya, ya tsaya mata a wuya.

Matiron mace ce mai ƙaramin jiki da tabarau, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita tambaya. Katin Baba Tela na shimfiɗe a gabanta. Ta ba su kujera, ta ce Hawainiya ta fara.

Yarinyar ta faɗi komai daki-daki, har sunan wanda ta tambaya a ɗakin magani da lokacin da ta tambaya. Matiron ta ce duk ta bincika, haka ne. Amma tsoho ya kwana uku yana shan uku ɗin nan bai faɗi ba, sai ranar da hannunta ya taɓa shi. Ko dai ta ƙara wani abu, ko ta ɗauko kwalin da ba shi ba. In ba a sami wani bayani ba, dole a rubuta haka, a tura sama, takardar aikinta kuma sai abin da hukuma ta ce.

Hawainiya ta sunkuyar da kai. Can ta ce akwai abu ɗaya da ya tsaya mata a rai.

“Faɗi.”

“Ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Na yi ta mamakin yadda ya sha na sauran kwanakin.”

Ba ta dubi Agogo ba. Ba zargi take yi ba, mamakin take yi da gaske.

Matiron ta juyo da tabaranta.

“Sista, sa hannunki ne sau goma sha ɗaya.”

“Nawa ne.”

“Ya taɓa yi miki kukan haɗiya?”

Aljihun dama ya yi nauyi kamar an zuba masa dutse. Nan ne fa ƙofar take a buɗe. Hannu kawai za ta sa ta ciro, ta ajiye, ta ce ga shi, ni ce. Da an ce kuskure ne, an yi faɗa, an gyara.

“Bai taɓa ba.”

“A gabanki yake sha?”

“Shekarata ashirin da shida a aikin nan.”

“Ba shekaru na tambaya ba.”

“A gabana yake sha.”

Matiron ta gyaɗa kai, ta jawo wata takarda, ta cire murfin biro. Hawainiya ta fara share ido da gefen mayafinta, ba sauti.

Sai aka ƙwanƙwasa.

'Yar Baba Tela ce, har yanzu da matashin a hannu, bakinsa a farke. Ta ba da haƙuri, ta ce ba ta san zama ake yi ba. Likitan da ke kan Baba ne ya aiko ta. Ta gaya masa abin da ta gani a matashi, sai ya miƙe tsaye, ya ce maza a kawo masa ya ƙirga, don yana shirin mayar da Baba kan uku ɗin nan da zarar jininsa ya daidaita.

“Ya ƙirga me?” in ji Matiron.

“Ƙwayoyin. Ai Sista ta kawo muku.” Ta dubi Agogo da fuskar wanda ya yarda da mutum. “Ko ba ki samu kin kawo ba tukuna?”

Fankar sama na juyawa.

Matiron ta mayar da murfin biro, ta miƙa tafin hannunta a kan tebur, ta bar shi a buɗe.

Agogo ta sa hannu a aljihu. Makullin ya biyo hankicin, ya faɗi ƙasa da ƙara. Ba ta sunkuya ba. Matiron ta kwance ƙullin, ta jera ƙwayoyin kusa da katin, farare a gefe, masu ruwan ƙwai a gefe. Ta bi sa hannun da yatsa, rana bayan rana, tana tura ƙwayar kowace rana gabanta. Uku. Takwas. Tara. Suka ƙare tare, kati da ƙwaya, babu ragi babu ƙari.

Ta tattara su a ambulan, ta ba matar, ta ce ta ruga ta kai wa likita, ta gaya masa kwana goma ne cur bai sha ba. Matar ta tsaya tana duban Agogo.

“Da na tafi gida da matashin nan fa, Sista? Da sun sake ba shi?”

Ba ta jira amsa ba, ta fice da ambulan ɗin.

“Tun yaushe yake aljihunki?” in ji Matiron.

“Ƙarfe goma.”

“Awa biyu. Kin san likita da katin nan yake aiki.”

“Na sani.”

“Da kin shigo kin ajiye mini shi, da yanzu muna maganar nas ɗin da ta yi sauri. Ni ma na taɓa sauri. Amma kin zauna a nan kina kallo na cire murfin biro.”

Ta ce Hawainiya ta koma bakin aiki gobe da safe, kuma ita za ta riƙe rabon magani. Ta ce Agogo ta ɗauko makullin daga ƙasa ta ba ta.

Agogo ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara. Ta ɗauko ta miƙa. Yarinyar ba ta karɓa da wuri ba, kamar yadda ba ta yin komai da wuri.

“Da kika karɓi shayina,” ta ce, “yana jikinki?”

“Yana jikina.”

Hawainiya ta karɓi makullin da hannu biyu, don tarbiyya ba ta barin mai ita ko a irin wannan rana.

“Na gode, Sista.”

Ta fita. A kan benci ta ɗauki filas ɗinta da kofi ɗaya. Ɗayan, wanda Agogo ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, ta bar shi a nan.

Agogo ba ta koma ɗakin maza ba, an ce kada ta koma. Gida kuma ba ta ga abin da za ta je ta tarar ba. Ƙafafunta suka kai ta doguwar barandar da ke gaban ɗakin kulawa ta musamman, ta zauna a ƙarshen bencin masu jiran marasa lafiya, da farin kayanta. Nas biyu suka wuce, suka ga ita ce, suka sami abin dubawa a wayoyinsu. Labari ya riga ta isowa.

Ta duba agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Ƙarfe biyu saura, lokacin maganin rana. Wani ne zai tura keken.

To ga abin da minti ashirin da biyar ya ci mata, a ƙirga.

Makullin da ta riƙe shekara goma sha huɗu, ya tafi.

Ɗakin da ya zame mata gida, gado ashirin da huɗu, ya tafi.

Sa hannun da likitoci ke gani su rufe ido su ƙara magani, daga yau ko a takardar karɓar zanin gado sai an sake dubawa.

Baki ɗaya tak da ke ce mata Mama a duk faɗin duniya, ya koma Sista.

Huɗu ke nan. Na biyar ɗin yana bayan ƙofar nan, da robar iska a hanci, ita ma ba ta san ko ya shiga lissafi ba.

Ƙofar ta buɗe. 'Yar Baba Tela ta fito, ba matashi a hannunta. Fuskarta ba ta faɗi komai ba. Ta dubi barandar dama da hagu, har idonta ya sauka a ƙarshen benci.

“Sista,” ta ce. “Taso.”